Abin Da Na Faɗa A Rediyo, Ga Shi A Takarda

Mayhaw, Mississippi
Alhamis, sha takwas ga Disamba

Zuwa ga Lorna Vesely, abokiyar gardamata, sanyin idona, ruwan farko a kan kwanon rufin ɗakina bayan doguwar bazara, wadda muryarta ke yi mini zaƙi ko da wanke ni take yi tas a gaban jama'a,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna a teburin cin abinci da biro a hannu kamar mai jiran babbar baƙuwa. Rabona da rubuta abin da ya wuce sunana tun ina makaranta. Idan kin ga layi ya karkace, hannun mai kiwon kifi ne ya yi shi, amma maganar da ke ciki a miƙe take.

Ke farar auduga ce a watan Oktoba, lokacin da gonaki ke buɗewa har iyakar gani. Ke inuwar itacen ƙofar gidana ce da tsakar rana. Ke ce kuma mace mafi taurin kai da Allah ya taɓa sakowa daga jihar Wisconsin can Arewa, wannan ma cikin yabo na sa shi. Wa ya ce wa Thurman Gaddis, a shekara sittin da ɗaya, zai riƙa tsayawa a bakin tafkin kifinsa yana murmushi shi kaɗai? Wa ya ce masa 'yar Arewa ce za ta sa shi haka, wadda a wurinta ƙwallon zari-ruga na jami'o'inmu duk cika baki ne?

Bari in tuna miki yadda aka fara, don ni ban manta ko kalma ɗaya ba. Wata Litinin ce, shekara huɗu ke nan. Ina zuba wa tarwaɗa abinci, ƙofar a-kori-kurata a buɗe, rediyo na kan shirin Buck Tisdale, wanda duk mai jini a jika a jihar nan ke kira ya faɗi ra'ayinsa kan ƙwallo. Sai na ji Buck ya ce, "Ga wata Lorna a kan layi, ta ce nas ce, baƙuwa ce a wurinmu."

Kika ce, "Buck, wata uku ke nan da zuwana, kullum sai na ji kuna cewa in ba a rukunin jami'o'in Kudu ba, ba a ƙwallo. Tambayata ɗaya ce. Yaushe rabon yaranku da buga wasa a inda yatsa ke daskarewa? Ku zo mana Arewa a Nuwamba mu ga ƙarfin."

Bokitin abincin a cikin ruwa ya faɗa. Ban tsaya ciro shi ba na kira.

Na ce, "Buck, wace ce wannan baiwar Allah? Ka gaya mata abin da suke yi a can ba ƙwallo ba ne, ture-turen shanu ne a bakin mashaya. Yaranmu na Jami'ar Bellwood in suka zari ƙwallo suka ruga, nasu lambar bayan riga kawai za su gani."

Washegari kika dawo. "Ka gaya wa mai kifin nan, ƙungiyar da ke gayyato ƙananan makarantu gida ta lallasa su, sannan ta buga ƙirji, ba jaruma ba ce. Ɗan gata ne a tsakar gidan uwarsa."

Shekara biyu muka yi a haka, ban san fuskarki ba, ba ki san tawa ba. Ke da Jami'ar Arlen Falls da shuɗin kayanta, ni da Jami'ar Bellwood da ruwan goron da aka naɗe ni da shi tun ina zanin goyo. Kina cewa 'yan jarida da masu jera ƙungiyoyi duk Kudu suke yi wa son kai. Ina cewa ba son kai ba ne, ido ne gare su. Masu garma a gona suna kashe inji in aka ce ga mu a layi. Ni kuwa ina gaya wa kowa cewa ba na ƙaunar jin muryarki, alhali tun ƙarfe biyu saura nake goge rediyon mota da gefen rigata.

Kin tuna Asabar ɗin nan ta Satumba? Tun hantsi filin da ke gaban wurin wasa ya cika da rumfuna, hayaƙin gashi ya rufe itatuwa, 'yan badujala na gwada ganguna daga nesa. Ina bakin kaskona ina soya tarwaɗa da garin masara, kamar yadda nake yi duk ranar da muke wasa a gida. Ko'ina ka duba ruwan goro ne, maza da mata, har karnuka. Sai ga wata mace cikin shuɗiyar riga tana ratsa mutane, kai a ɗage, ana yi mata ihun tsiya tana ɗaga musu hannu kamar 'yar takara. Kika tsaya a rumfata. Na miƙa miki faranti, don a wurinmu ba a tambayar mai jin yunwa ƙungiyarsa sai ya ƙoshi. Kika ɗanɗana.

"Kifin ya yi," in ji ki. "Amma gishirin ya yi yawa, kamar yabon da kuke yi wa kanku."

Matsamin da ke hannuna ya tsaya a sama. Ko a cikin mutum dubu tamanin zan gane wannan murya.

Na ce, "Lorna?"

Kika ƙura mini ido. "Mai kifi? Na ɗauka ka fi haka tumbi."

"Ni kuma na ɗauka kina da ƙaho."

Dariyar da kika yi ran nan har yau tana kunnena. Ta yi kama da ruwa yana sauka daga bututu cikin tafki da sassafe. Kifin ya ƙone a kasko ban sani ba. Odell, ƙanin marigayiya matata Vernice, wanda tun yana yaro yake bin maƙiyanmu na cikin gida, masu koren kaya na Jami'ar Cane Ridge, don kawai ya ɓata mini rai, shi ya sauke kaskon. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Yaya, rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Daga nan Lahadina ta zama taki. Bayan coci ki zo da cukunku na Arewa da tsiran alade irin na garinku, in haɗa miki shayi mai ƙanƙara ki ce sukarin zai kashe doki. Na koya miki jefa ƙugiya, kika kama wanda ya fi nawa girma, kika yi mako uku kina maganarsa. Kin gaya mini yadda kika yi jinyar mijinki har ya cika, da yadda gidan ya yi miki faɗi har kika nemi aiki a inda ba wanda ya san ki. Na gaya miki yadda shekara takwas nake zuwa wasa, in ajiye hulata a kujerar Vernice don kada wani ya zauna. Ba ki ce mini in yi haƙuri ba. Hannunki kika ɗora a kan nawa, muka yi shiru muna kallon ruwa. A rayuwata ban taɓa jin shirun da ya yi mini daɗi haka ba, ni da aka sani da surutu.

Sai tafiyarmu Arlen Falls a Nuwamban bara. Na tafi ne da niyyar in dawo da abin tsiya na shekara guda. Na sa wando biyu, riga huɗu, da bargo a kafaɗa, duk da haka kafin a tafi hutun rabin lokaci na daina jin yatsun ƙafata. Dusar ƙanƙara na zuba har layukan fili suka ɓace, aka fito da masu shebur suna tono su. Kika nuna mini bencin da mahaifinki ya zauna shekara talatin da biyar, inda ya saba ɗora ki a wuya ki ga fili. Yaran nan na ga numfashinsu na tashi kamar hayaƙi, hannuwa sun yi ja, suna faɗuwa a ƙasar da ta yi tauri kamar siminti suna tashi. Ana saura daƙiƙa biyu aka buga muku ƙwallo ta tsakanin sanduna, aka cinye ku da maki uku. Na juya in ce mu tafi mota. Ba wanda ya motsa a filin nan. Kuka miƙe gaba ɗaya, kuka riƙe kafaɗun juna, kuka rera waƙar makarantarku tun daga farko har ƙarshe. Hawaye na gangaro miki yana tsayawa a kumatu saboda sanyi, amma muryarki ba ta karye ba.

A nan na san abu biyu. Na san zan so ki har ƙarshen kwanakina. Na kuma san shekara uku ina faɗa wa jihar Mississippi abin da ba haka yake ba.

Ko ɗaya ban furta ba. Na dawo gida na kira Buck na ce sanyi ne kawai gare su. Kika yi dariya kika bar ni, don kin ɗauka wasanmu ne na kullum. Ni kuwa na san tsoro ne. Mutumin da duk jiha ta sani da baki ɗaya, yaya zai fito ya ce ya canza?

Yanzu na zo inda na yi ɓarna, kuma ba zan kewaye shi ba. Ranar Lahadin makon jiya aka sanar cewa Bellwood da Arlen Falls za su haɗu a Florida ranar sabuwar shekara, karo na farko tun kafin a haife mu. Litinin layin Buck ya kusa narkewa. Da ya zo kaina sai ya ce, "Thurman, kafin mu shiga ƙwallo. Jita-jita ta ishe mu. An ce shekara biyu ke nan ana ganin wata shuɗiyar riga a barandarka duk Lahadi. Ko dai 'yar Arewa ta yi maka ɗaurin goro?"

Na ji dariyar mutanensa a bayan waya. Jinina ya hau kai. Na ce, "Buck, ni kowa ya zo ƙofata ina soya masa kifi, har karen maƙwabta. Ba wani abu a ciki."

Na ajiye wayar na san abin da na yi. Kina asibiti kina jin shirin a ɗakin hutu, tare da mutanen da kullum suke ganin ina sauke ki a bakin ƙofa. Na kira ki ba ki ɗauka ba. Na je gidanki, labule a sake. Lahadi na dafa abincin mutum biyu, na zauna na kalle shi har ya huce. Kwana tara ba ki kira Buck ba, shirin ya zama kamar miya ba gishiri, mutane suna ta tambaya ina Lorna.

Ranar Talata Odell ya same ni a bakin tafki. Bai ko kashe mota ba. Matarsa a asibitinku take aiki, ita ta gaya masa kin rubuta takardar ajiye aiki, 'yar'uwarki ta gyara miki ɗaki a Wisconsin.

Ya ce, "Yaya, shekara arba'in ina ce maka wawa a kan ƙwallo, duk da wasa nake yi. Yau da gaske nake."

Na ce, "Me kake so in yi? Ba ta ɗaukar waya."

"A ina ka zubar da ita?"

"A rediyo."

"To can za ka je ka ɗauko ta. Kai da kake zama cikin ruwan sama ana cin Bellwood arba'in da nema ba ka tashi ba, yau mace ɗaya ta tsaya maka shekara biyu ka kasa amsa sunanta? Vernice ma da ke kwance a kabari ta ji kunyarka."

Ya ja motarsa ya tafi. Ɗan Cane Ridge ne ya gaya mini gaskiya, Lorna. Ki duba irin ƙasƙancin da na sha saboda ke.

Jiya kin ji abin da na faɗa, amma zan maimaita shi, don ina alfahari da shi fiye da duk kiran da na taɓa yi. Na ce, "Buck, kashe kiɗan nan, ba ƙwallo ce ta kawo ni ba. Ranar Litinin ta makon jiya ka tambaye ni, na yi maka ƙarya, na yi wa jihar nan ƙarya. Lorna Vesely ba baƙuwar ƙofa ba ce. Ita nake so. Ina son ta da shuɗiyar rigarta, da bakinta, da komai. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, ina kan layi."

 Buck ya ce, "To, jama'a, mai kifi ya haɗiyi ƙugiya." Wani ya kira daga bakin teku ya ce an saye ni da cuku, a ƙwace hulata ta Bellwood. Wani ya ce dama ya daɗe da lura muryata na yin laushi in an ambaci Wisconsin. Wata tsohuwa, wadda ta ce shekararta tamanin da uku tana bin ƙungiyarmu, ta kira tana kuka ta ce, "Ku ƙyale yaron nan. Mijina ɗan Cane Ridge ne, shekara hamsin da biyu ba mu taɓa zama gefe ɗaya a fili ba, kuma ban taɓa kwana da takaicinsa ba." Ni ne yaron, Lorna, da furfurata.

Yau kuwa, da misalin ƙarfe uku, ina tsaye a jikin mota, na ji Buck ya ce, "Ku yi shiru, ku yi shiru. Lorna ce a layi na biyu." Na zauna a kan buhun abincin kifi.

Kika ce, "Buck, ka gaya wa mai kifi na ji shi. Amma wanda ya musanta ni a rediyo, ya dawo ya amsa ni a rediyo, duka biyun iska ta ɗauka. Ya rubuto mini da hannunsa. Ya haɗa da abin da idonsa ya gani a Arlen Falls, in ya cika namiji. Takardata tana jaka, ban miƙa ba. Litinin zan san inda za ta."

Ban ji sauran shirin ba. Na shigo gida na nemo biro.

To ga shi, da hannuna. Ni, Thurman Gaddis na Mayhaw, na je Arewa, na gani. Ƙwallo ake yi a can, ƙwallo ta gaske, ta mutanen da ba su san ja da baya ba. Yaranku za su iya tsayawa a kowane fili a ƙasar nan ba tare da sunkuyar da kai ba. Masoyanku sun fi namu sanin yadda ake shan kaye a tsaye. Shekara huɗu kina faɗa, kina da gaskiya a fiye da rabinsa. Ki kai wa Buck wannan layin ya karanta sau uku in kina so.

Ga kuma wanda ya fi shi nauyi. Ina son ki, Lorna. Ina son ki yadda ƙasar nan tamu mai baƙin laka ke son ruwa a watan Yuli, ta tsage ta buɗe baki tana jira. Ina son takunki a barandata, da yadda kike tura tabarau sama in za ki kayar da ni a magana, da ƙamshin sabulun asibiti a hannuwanki. Gidan nan ya saba da ke. Kujerar da kike zama ta ƙi yarda da kowa. Ina kwanan duniya yake tafiya in Lahadi ta zo ba ki zo ba? Me zan yi da nasara in ba ke a kusa da zan yi wa tsiya, me zan yi da faɗuwa in ba ke da za ki yi mini?

Ki aure ni.

Ba zan bar Bellwood ba, kuma na san ba za ki so in bari ba. Kin ga yadda na bi su shekarun da ko wasa uku ba sa ci, haka nake riƙe abin da na ce nawa ne. Ni ma ba zan taɓa ce miki ki cire shuɗi ba. Kujeru biyu gare ni a filin wasan Bellwood, a layi na sha huɗu, mahaifina ya fara zama a kansu. Ta biyun na ɗauke hulata daga kanta. Na je kabarin Vernice da safiyar yau na gaya mata, zuciyata kuma ta kwanta. Ki zauna a kai da rigarki, a tsakiyar ruwan goro, duk mai magana ya yi da ni. Idan kuma ranki ya riga ya koma gida, ba ki iya ƙara wata bazara a zafinmu, to ki ce wa 'yar'uwarki ta nemi ɗakin da zai ɗauki mutum biyu. Odell zai kula da tafkunan. Zan sayi takalman da suka fi na bara, in riƙa kiran Buck daga can ina rawar sanyi.

Wannan takarda matar Odell za ta damƙa miki gobe da safe. Ranar Asabar ƙarfe goma zan tsaya a ƙofarki. Ba zan danna oda ba, zan fito in ƙwanƙwasa, hula a hannu. Ban zo da shakka ba. Macen da ta gama da mutum ba ta kiran rediyo ta ba shi aiki. Na san kina fushi, kuma kin isa ki yi, ki ajiye ni a baranda awa guda in kin ga dama, ina da haƙurin mai jiran kifi. Amma na san za ki buɗe.

Abu ɗaya ne kawai ba zan rubuta miki ba, ko da shi ne sharaɗin auren. Ranar ɗaya ga Janairu za mu cinye ku, da maki goma ko fiye. Tare za mu tafi a motata. Ga dokar da na yanke, don a zauna lafiya: wanda ƙungiyarsa ta ci shi zai tuƙa mu zuwa gida, kuma ba zai ce uffan a kan wasan ba har sai mun fita daga Florida. Tafiyar awa shida ce. Tun yau na fara koyon yin shiru.

Naki a ranar da muka ci da ranar da aka ci mu, a zafin Agusta da ƙanƙarar Nuwamba, ba sauyi ba musu, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Thurman Gaddis,
mai kifinki